Kunun Zaƙi da Alkamar Tattabaru

Shekarun da muka yi a unguwar Al-Sadd ta birnin Doha suna cikin mafi daɗin rayuwata. Ɗaki ɗaya ne da falo a hawa na uku, ƙasanmu shagon ɗinki na wasu Indiyawa, gefensa baƙala, wato ɗan shagon tireda, inda nake sayen burodi da madara da katin waya. Tallafin karatu ne ya kai ni, ina digiri na biyu a kan tace ruwan teku. Da safe in tari tasi, da la'asar in dawo in tarar da ƙanshin girki tun daga matakala. Ba mu da kujerun kirki, darduma ce da matasai, amma ban taɓa jin wani abu ya rage mana ba.

Matata Bazazzagiya ce, ni kuwa Bakano, kuma tun ranar da aka kawo ta ba ta taɓa barin kuskurena ya kwana ba. In na ninke wando sai ta ce ko kare ya kwanta a kai ya fi haka. In na yi wa mai tasi Larabci sai ta jira mu sauka, ta maimaita mini kalma bayan kalma, da muryata, har da yadda nake ɗaga hannu. In na yi ciniki na ci riba sai ta ce jinin Kwari ne ya motsa, in aka cuce ni ta ce ashe akwai Bakanon da ake yi wa wayo. Nakan rama, in ce mutanen da suka ɗauki fate abincin alfarma ba su da bakin magana, amma ban taɓa cin nasara ba. Ina da saurin fushi da mutanen waje, sai dai nata bakin bai taɓa ɓata mini rai ba. Shi ne rediyon gidan.

Da cikinta na fari ya tsufa, al'ada ta ce ta tafi gaban iyayenta ta haihu, ta yi wanka a can. Likita ta hana ta doguwar tafiya. Muka juya dabara, muka ce mahaifiyarta, wadda duk muke kira Inna, ita za ta zo. Na yi ta kai da komo da takardu, biza ba ta fito ba har naƙuda ta zo. Ta haihu ranar wata Juma'a a tsakiyar zafin Doha, zafin da in ka fito daga asibiti gilashin idonka ke rufewa da gumi. Namiji ne, lafiyayye, mai ƙarar murya. Washegari aka sallame mu.

A gida kuma sai rediyo ya mutu. Tana shayar da yaro, tana cin abin da na ajiye mata, tana yin wankanta da ruwan zafi safe da yamma kamar yadda wata maƙwabciyarmu 'yar Sudan ta taimaka mata a karon farko. Amma duk abin da na ce sai ta ce, “To.” Na dafa shinkafa ta kama, ƙauri ya cika falo, na kawo mata ina jiran hukuncina. Ta ci, ta ce, “Sannu da aiki.” Na saka wa yaro riga a baibai da gangan, na miƙa mata shi. Ta cire, ta juya, ta mayar masa, ba ta ko dube ni ba. Na ce ai mun zo ƙasar arziki, inda ruwan jego ke zuwa ta famfo ba sai an sayi itace ba. Ta ce, “Haka ne.” In aka kira daga Zariya sai ta ce in ce tana barci, in kuwa na tilasta mata ta karɓa, “lafiya lau” kawai take cewa ta miƙo mini wayar.

Tsoro ya kama ni, ba zan ɓoye ba. Na san yadda ake zama da mace mai baki. Ban san yadda ake zama da wannan ba, kuma babu uwa, babu goggo, babu yaya da zan ce ta shiga ɗaki ta ji mini abin da ke ranta.

Da yammacin ranar da muka dawo, ina zaune bakin gado ina lissafa mata shirin suna: ragon da za a yanka a mayanka, goron da wani ya yi mini alkawari daga unguwar Najma, dabino, lemon kwalba. Tana kallon labule. Can sai ta ce, ba da ni ba, da labulen:

“Da a gida ne, da yanzu Inna ta jiƙa tsiro.”

Na ce, “Tsiron me?”

Ta ce, “Ba komai.”

Amma na sani. A gidansu ba a suna sai da kunun zaƙi na Inna. Ranar da aka haihu ake jiƙa hatsin tsiro, a shimfiɗa a rufe, yana fitowa jariri yana buɗe ido, kafin ranar suna ya isa. Ta sha ba ni labari, da ƙari da gishiri, cewa har daga Tudun Wada mata ke zuwa da jarkokinsu. Wannan ce jimla mafi tsawo da ta yi tun da muka bar asibiti, don haka na riƙe ta. Na ce a raina ko ana ha maza ha mata sai an sha kunun zaƙi a sunan nan. Matsalar guda ce: ban taɓa dama ko koko ba, kuma wadda ta san yadda ake yi surukata ce.

Tun da na auri 'yarta, maganata da Inna ba ta taɓa wuce gaisuwa ba. In na je gidan a zaure nake tsayawa, in ta leƙo in durƙusa, ta amsa daga bayan ƙyaure, shi ke nan. Yanzu ga ni zan kira ta in tambaye ta girki. Da safe na sauka baƙala na sayi kati, na kankare, na fita baranda don kada a ji ni. Tana ɗauka na tsinci kaina a tsugune, hannu ɗaya a ƙasa, a hawa na uku a Doha, babu mai ganina sai tattabarun da ke kan ginin gaba.

“Inna, ina kwana?”

“Lafiya lau, Malam. Barka da arziki. Ya mai jego? Ya angon nawa?”

Muka gaisa, muka sake gaisawa. Ta tambayi karatu, ta tambayi zafi, ta sa albarka. Na buɗe baki zan shigar da maganata sai ta ce, “Ga Alhaji.” Na ƙara durƙusawa. Alhaji, surukina, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce ga ƙanwarsa ta zo barka. Ƙanwarsa ta ce ga maƙwabciya. Ina cikin amsa wa maƙwabciyar da ban taɓa gani ba sai wata murya ta shigo da Larabci ta ce katina ya ƙare.

Na sauka ina huci na sayi wani. Mai baƙala, ɗan Kerala, ya ce ko lafiya, na ce ya ba ni kati kawai. A matakala na yi ta maimaita abin da zan faɗa. Tana cewa “salamu alaikum” na rufe ido na ce:

“Inna, a gafarce ni, yaya ake yin kunun zaƙi?”

Na duba wayar, na zaci layin ya yanke. Sannan ta ce, a hankali, “Ita ta sa ka?”

“A'a, Inna.”

“Ba ta magana, ko?”

Na ce, “Ba ta yi.”

Na ji ta ja numfashi, na ji ta rufe ƙofa, hayaniyar gidan ta ragu. “To saurara, Malam,” in ji ta. Ban taɓa jin muryarta haka kusa ba. Ta ce a samu hatsi mai ido, a jiƙa kaɗan daga ciki, a tsame, a shimfiɗa a buhu mai laima har ya fitar da farin wutsiya. Jajibirin suna a jiƙa sauran, a markaɗa da citta da kanumfari da masoro. A dama da tafasasshen ruwa ya yi kauri. A bar shi ya huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan a markaɗa tsiron ɗanye a zuba, a rufe. Tsiron ne zai tsinka shi ya fito masa da zaƙi, da safe a tace.

Na ce, “Inna, nan babu gero, babu dawa. Sai alkama.”

Ta ce, “Allah mai iko. To ita ma ai hatsi ce, gwada.” Sai ta ƙara da cewa, “Amma ka ji ni da kyau. Kunun zaƙi na yini ɗaya ne. A sha shi ranar a gama. In ya sake kwana a zafin nan naku, ya bar Musulunci, kada ka ba kowa.”

Na yi dariya kafin in tuna da wa nake magana, na yi sauri na ce, “To, Inna.”

A babban kanti na samo alkama a leda, fara tas, irin wadda Larabawa ke yin haris da ita lokacin azumi. Na zaɓi mafi tsada, don ɗana ba zai sha kunun araha ba. Na jiƙa da ruwan famfo, na tsame, na shimfiɗa a kan tawul a bayan ƙofar kicin, na rufe. Kafin in tafi makaranta in leƙa, ina dawowa in leƙa. Matata tana wucewa ta gefen tawul ɗin in za ta banɗaki, ba ta taɓa tambaya ba. Wutsiya ba ta fito ba. Ranar Talata sai wari ya fito, alkamar ta yi yauƙi kamar kuɓewa.

Ran nan dattijon da zai yi mana addu'ar suna ya kawo goro. Direba ne daga wajen Funtuwa, ya daɗe a ƙasar, yana zaune a Najma da wasu 'yan gida a ɗaki ɗaya. Shi ne uban duk wani Bahaushe da na sani a Doha, Baba muke ce masa. Na ba shi ruwa, ya tsaya bakin kicin yana shaƙar iska, ya ɗaga tawul da ɗan yatsa.

“Ɗana, burkutu za ka dafa mana?”

Na ce, “A'uzu billahi, Baba! Kunun zaƙi ne.”

“Ai hanyarsu ɗaya, a gaba suke rabuwa,” in ji shi. “A ƙauyukan da na yi jigila na gani, da tsiro ake fara dukkansu, mai haƙuri ya bari ya kwana biyu, mai tsoron Allah ya sha da wuri. Ka dai kula. A ƙasar nan in aka ji warin nan daga taga, kafil ɗin da ya tsaya maka a biza ma cewa zai yi bai san ka ba.”

Ya yi ta dariya, ni kuwa raina a ɓace. Na ɗebi busasshiyar alkamar da ta rage a leda ina jujjuyawa a tafin hannu don kada in amsa masa, sai a lokacin na ga abin da ya kamata in gani tun a kanti. Surfaffiya ce. An cire mata dusa, an cire mata ido, an goge ta sumul don ta yi saurin narkewa a tukunya. Inna ta ce mai ido, ni na sayo makauniya. Kuma na jiƙa ta da famfon sanyi, wanda kowa a Doha ya san a wannan lokacin shi ne na zafi, don tankin a kan rufi yake, rana na dafa shi tun safe. In za mu yi wanka hita muke kashewa mu buɗe famfon zafi, shi ke ba da ruwa mai sanyi. Na san haka don fatata, na manta don alkama.

Na faɗa wa Baba. Ya ce shi bai san komai a kan kunu ba sai sha, amma in alkama mai rai nake nema, ya san inda take. Yana kiwon tattabaru a gida Funtuwa, kuma duk ranar hutu yakan je tsohuwar kasuwa ya tsaya gun masu tsuntsaye, ba ya sayen komai, kallo kawai yake ya huce kewa. “Yalla, mu je,” ya ce, “motar uban gidana tana ƙasa.”

Layin masu tsuntsaye wari da kuka ne, aku na zagin kanari. A wani ɗan shago muka tarar da buhuna a buɗe, alkama ja mai dusarta, da tsakuwa da ƙaiƙayi, irin ta Kadawa sak. Na cusa hannu ciki har wuyan hannu, na ji daɗi ya ratsa ni. Mai shagon, wani Bapakistane mai jan gemu, yana awo yana tambayata tattabaru nawa gare ni.

Baba ya riga ni. “Biyu ne, sai ɗan shila da aka ƙyanƙyashe ranar Juma'a.”

Mutumin ya ce masha Allah, ya ƙara mini hannu guda kyauta, ya ba ni wani tsohon buhun algarara da na roƙa.

Na tsince ta a faranti, na wanke har ruwan ya fita fes, na jiƙa da ruwan jarka. A falo esi ya yi sanyi da yawa, a baranda wuta ce, don haka na samar mata wuri a ƙasan wurin wanke-wanke. Safe da yamma ina yayyafa ruwa. Ranar Laraba da la'asar na ɗaga buhu na ga kowace ƙwaya ta fitar da ɗan farin baki. Na daɗe a tsugune ina kallo. Ƙanshinta kamar gona bayan ruwan farko, a cikin kicin da ko tagar kirki ba shi da ita. Na so in kira ta ta gani, sai na fasa, na mayar da buhun. Ina miƙewa na ga inuwa ta gifta bakin ƙofa, na ji ƙyauren ɗaki ya rufu.

Ranar Alhamis na ƙi zuwa makaranta. Bilandarmu ƙarama ce, ta kayan miya, na yi ta markaɗe kaɗan-kaɗan, in ta yi zafi in sa ta gaban esi ta huta. Na dama a babbar tukunyar da na aro daga maƙwabciya, ya yi kauri har muciya na tsayawa. Na jira, ina tsoma yatsa ina cirewa, har ya zauna. Na zuba tsiro, na juya, na yi bisimilla na rufe. Kafin magariba na leƙa, sai na ga abin da ya yi tauri ɗazu ya saki, ya zama ruwa. Na yi shekaru ina karanta yadda ruwa ke canja hali, amma ban taɓa yin murna da wani gwaji kamar wannan ba.

Sai na ɗanɗana. Zaƙi ya fara fitowa, citta ta ji, amma a ƙarƙashi akwai wani abu kamar an jiƙa burodi a ruwa. Alkama dai alkama ce, ba ta da wannan ɗan ƙamshin ƙasa na gero. Na tsaya ina tunani, idona ya faɗa kan kwalin mangwaron Pakistan da wani abokin karatuna ya kawo barka, lokacinsa ne, ƙanshinsa ya cika kicin. Inna ba ta ce a sa ba. Amma kuma ba ta ce kada a sa ba. Na ajiye shawarar zuwa safe, sannan na kwashe duk abin da ke firji na tura tukunyar ciki, don maganar Baba da ta Inna ba su bar kunnena ba.

Da safe bayan na dawo daga masallaci na fere mangwaro, na markaɗa, na zuba, na juya. Kunun ya koma ruwan ɗorawa. Na ɗauko 'yar rariyar shayi na fara tacewa. Alkama na da danƙo, ta toshe rariyar tun a ludayi na farko. Ina bubbugawa, yana fantsama a gaban sabuwar shaddata, baƙi kuma bayan sallar Juma'a za su zo. Na fara zage-zage ƙasa-ƙasa, ina zagin rariya da wanda ya ƙera ta.

Ban ji zuwanta ba. Na juyo na gan ta a bakin ƙofa, yaro a kafaɗa. Ta dubi tukunya, ta dubi rigata, ta dubi ɓawon mangwaro a ƙasa. Ta miƙo hannu, na ba ta ludayi. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. Na tsaya ina jiran “sannu da aiki”.

Ta ce, “Wa ya ce ka sa mangwaro?”

Na ce, “Ai na ga...”

“Ka ga me? A gidan uban wa aka taɓa sa mangwaro a kunun zaƙi? Kunu ka yi ko faten mangwaro? Kuma cittar nan duka ka juye, ko so kake baƙi su yi ta atishawa? Ina dankali? Ba ka sa dankali ba? Inna ba ta faɗa maka ba, ko kunnen Kanawa ne, in ba kuɗi aka ambata ba ba ya ji?” Ta ɗaga rariyar da yatsu biyu. “Da wannan za ka tace tukunya guda? Sai yaron ya yi kaciya ba ka gama ba.”

Na tsaya baki buɗe ina murmushi kamar wawa.

“Dariya ma kake yi? Riƙe nan.”

Ta ɗora mini yaron a hannu, ta shiga ɗaki ta fito da wani farin mayafinta mai shara-shara, wankakke. Ta ɗaure shi a bakin bokiti, ta sa ni in riƙa zubawa da hannu ɗaya, ita tana matsa. Tana matsa tana faɗa. Ta ce tun ranar Lahadi take kallona, ta ga lokacin da na shimfiɗa alkamar haris, ta so ta yi magana bakin ya ƙi buɗuwa. Ta ce tawul ɗin da na ɓata nata ne na aure. Da ta zo kan tsugunon da na yi a baranda, ashe ta labule ta gani, sai dariya ta ƙwace mata, dariyar ta juye kuka, ta yi kukanta sosai hannunta cikin kunu har gwiwar hannu. Ban hana ta ba. Da ta gama ta share ido da kafaɗa ta ce sukarin ma sai ta zo ta auna da kanta, don in aka bar ni zan kashe mutane.

Bayan Juma'a falonmu ya cika har matakala: masu gadi da kakinsu don daga nan za su wuce aiki, direbobi, ɗalibai, wasu 'yan Zongo biyu daga Kumasi da suka zo daga unguwar Mu'aither. Baba ya yi addu'a, aka faɗi suna, aka shafa. Aka fito da kunu da ƙanƙara. Baba ya shinshina kofinsa da gangan yana kallona, ya kurɓa, ya ce, “Alhamdu lillahi, yana nan da imaninsa.” Wani mai gadi ɗan Gusau ya sha kofi, ya ce rabonsa da kunun zaƙi tun da ya baro gida, ko da yake wannan bai san garinsu ba. Na ce ɗan Doha ne, nan aka haife shi. Abin da ya rage na ɗura a robobin ruwa na raba musu, na ce amana, kada ya kai gobe. Baba ya ce, “Khalas, shi ke nan, ko Najma ba zai kai ba.”

Da la'asar gida ya yi tsit. Ina wanke tukunya sai ta leƙo ta ce, “Malam, akwai kati?”

Akwai guda da na saya ban taɓa ba. Na kankare na danna mata lambobin. Ta karɓa, ta zauna a darduma ta miƙe ƙafa, yaro a cinya.

“Inna? Ni ce. Inna, kin san abin da Bakanon nan ya yi? Mangwaro! Wallahi mangwaro ya sa. Tsaya ma ki ji inda ya samo alkamar.”

Na kashe famfo don in ji da kyau. Ta kwashe ni tas, tun daga tawul har rariya, ta ƙara abin da ban yi ba, ina jiyo dariyar Inna ƙasa-ƙasa daga cikin wayar. Ban kare kaina ko sau ɗaya ba. Tana cikin labarin tattabaru muryar nan ta Larabci ta shigo ta katse su. Ta dubi wayar, ta dube ni.

“Ka tsaya kana kallona? Ban gama ba.”

Na sa takalmi na sauka baƙala, hannuna da kumfa.